Kabar da Baba Yake Ɗaurawa a Gindin Gero

Shekara goma sha biyu ke nan, da wannan kakar da muke ciki, tun da muka rufe mahaifina Malam Ishaya a bayan ƙauyenmu, can tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi abin da 'ya'ya suka saba yi. In je in share kabari, in sa a dafa abinci a raba wa maƙwabta, in hau motar Gumel in dawo in ci gaba da koyar da 'ya'yan mutane. Bana na ce ba zan tsaya a nan ba. Akwai laifin da na yi wa bawan Allahn nan bayan ransa, kuma tun da a bainar jama'a na karɓi yabo a kan laifin, a bainar jama'ar zan faɗe shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga wanda bai san mu ba, mu Kiristoci ne, Hausawa, gidajenmu a ƙauyen ba su kai ashirin ba. Kakanmu Bamaguje ne, ya bar 'ya'ya maza biyu. Baba ya bi coci, ƙaninsa Baffa Sale ya musulunta, gonar gado kuwa suka raba ta biyu, ba abin da ke tsakaninsu sai layin gamba. Idan kaka ta yi, kowannensu yakan fitar da dami ɗaya cikin goma. Baffa ya kai nasa inda addininsa ya ce, Baba ya kai nasa coci. Mu ma zakka muke kiranta, wasu su ce ushiri. A wancan lokacin ba mai kawo kuɗi, don ba mai su. Gero ne da dawa da wake, wani lokaci mace ta zo da kaza a hammata. Ana zuba hatsin a rumbun coci, wani rumbun zana da ke kan duwatsu a bayan ɗakin sujada, kuma Baba ne dattijon da aka ɗora wa kula da shi.

Sai dai Baba ba ya fitar da zakkarsa yadda mutane suke yi. Kowa sai ya gama girbi ya ɗaure dammunansa, sannan ya ƙirga, na goman ya jingine shi gefe. Shi kuwa tun gero yana tsaye, da ya fara nuna, zai yanko kaba ya tsattsage ta, ya rataya a kafaɗa ya shiga gona. Kwana uku, kwana huɗu yana bin ta layi-layi. Ya tsaya a gindi, ya lanƙwaso zangarniya, ya murza ta da babban yatsa, ya duba, ya saki ya wuce. A wani gindin kuma sai ka ga ya sunkuya ya ɗaura kaba. Duk gindin da aka ɗaura wa kaba ya zama na Allah, ko tumu ba mu isa mu karya a jikinsa mu gasa ba. Ran girbi shi ake fara yankewa a ɗaure daban, Baba ya ɗora wa jaki ya kai coci kafin kowa ya kai nasa.

Sa'anninsa sun sha tsokanarsa. "Malam Ishaya, Allah dai ba ya cin tuwo, balle ya ce wannan ya fi wancan laushi." Mahaifiyarmu, Allah ya ba ta hutawa, ita ba tsokana take yi ba, mita take yi ta gaske, don ita ke surfa abin da ya rage. Ni kuwa, tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, ɗauka na yi akwai ɗan neman suna a ciki, a ce Ishaya ne na farko, damin Ishaya ne ya fi na kowa kyau. Sau ɗaya na taɓa tambayarsa, ina budurwa, na dawo hutu daga makarantar kwana kaina cike da boko. Ya ce, "Rahila, wanda ya ba ki goma, ba kya zaɓar masa mai ƙwari." Ya ci gaba da tsaga kabarsa. Baba ba mai dogon bayani ba ne, ni kuma ba mai sake tambaya ba ce in na ga kamar na gane.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu na tayar da maganar rufi. Ran jana'izarsa abokan aikina sun zo daga Gumel, suka zauna a ɗakin sujadarmu mai rufin ciyawa, suna ta kakkaɓe kafaɗa saboda abin da ke zubowa daga sama. Kunya ta kama ni a ranar, kuma ba ta sake ni ba. Na je gaban dattawa da hujjojina a jere. Ɓera yana ci, gara tana ci, ƙwari suna ci. Ga 'yan kasuwa a Maigatari, har da na Nijar, suna neman hatsi ido rufe. Me zai hana a kwashe abin da ke rumbu a sayar a sayi kwano, daga nan kuma kowa ya riƙa sayar da nasa ya kawo zakkarsa kuɗi a ambulan, kamar yadda ake yi a birni? Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "To, Malama, da Malam Ishaya yana nan fa?" Na ce, "Ni 'yarsa ce, na san abin da zai so." Da wannan na rufe bakin kowa. An jera shekaru ana samun damina mai albarka, hankali ya kwanta, kuma wa zai yi jayayya da 'yar marigayi, malamar makaranta, wadda ta ce za ta fara zuba nata albashin?

Ranar da mota ta zo kwasar hatsin, Baffa Sale yana zaune a gindin aduwa yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Na ji har na ƙasan rumbun za ku sayar." Na ce, "Baffa, ai wannan harkar coci ce." Ban ɗaga murya ba, da murmushina ma na faɗa. Ya dube ni ya ce, "Haka ne," ya mayar da kai kan igiyarsa. A duk maganganun da na yi a rayuwata babu wadda nake so in janye kamar wannan.

An yi rufi, kwano mai sheƙi da ake hangowa tun daga kan hanya. Ran buɗewa aka tsayar da ni a gaba aka yi mini tafi, aka rubuta sunana a bango. Rumbu kuwa, da ya zauna wayam, damina biyu ta ishe shi. Ya durƙushe, mata suka kwashe zanar suka hura wuta. Ana cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi. Ni na ƙona namu ban san komai ba.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zai leƙo cocinmu yau. Zai ga ambulan mai layin rubuta suna. Zai ga samarinmu da ke Kano suna turo zakka ta waya, fasto ya ji shigarta yana tsakiyar cin tuwo. Zai ga fanka tana juyawa da wutar sola. Ba na jin zai yi fushi da ko ɗaya, kuma ni ma ban zo in zagi kuɗi ba. Ba a biyan kuɗin makarantar 'ya'yan fasto da dami, ba a sayen maganin zazzaɓi da zangarniya. Mai cin albashi, albashin ne gonarsa, ni kaina daga nan nake fitarwa. Abin da na tabbata shi ne Baba ba zai daɗe a ciki ba. Zai zagaya baya, ya tsaya inda rumbu yake a da, ya yi tambaya ɗaya: in shuka ta mutu, ina mutane suke zuwa?

Ban san nauyin wannan tambayar ba sai bara. Na je sujadar godiyar kaka, na duba wurin da Gwaggo Laraba take zama kusa da taga, na ga wata ce a wurin. Gwaggo Laraba ƙawar mahaifiyata ce, ita ta yi mini wankan jego na ɗan fari. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da fartanyarta ta rene 'ya'yanta. Na tambayi matan zumuntar coci, wannan ta ce ta koma Maigatari wurin 'yarta, waccan ta ce ai ta kwana biyu da tafiya. Kowa yana ba ni amsa yana kallon wani wuri. Da na ga haka sai na nufi gindin aduwa.

Baffa bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce shekara uku baya ruwa ya yaudari mutane. An yi binne, wato an zuba iri a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa, aka samu yayyafin da ya tsirar da shi, sannan sama ta ɗauke. Tsiro ya ƙone. Aka sake shuka, ta sake ƙonewa. Masu ƙarfi suna da iri na uku, Gwaggo Laraba ba ta da shi. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi coci, inda ta saba zuwa. Faston sabon zuwa ne, mutumin kirki, bai yi mata rowa ba. Ya buɗe akwatin baiko, inda ake zuba sadakar sujada, ya ba ta kuɗi har fiye da abin da ta roƙa. Ta kai kasuwar Sule Tankarkar ta auno gero daga buhu, fari tas, mai manyan ƙwaya, ba wanda ya san daga ina aka kawo shi. Ya tsiro, ya yi tsawo, ya yi ganye har masu wucewa suna tsayawa kallo, amma ruwa ya ɗauke bai fitar da kai ba. Ashe geron wata ƙasa ne mai doguwar damina. Kara ta girba a shekarar. Da rani ya tsananta ta sayar da gonar.

"Da ta zo wurina da na ba ta," in ji Baffa. "Sai da ta shuka na ji."

Sannan ya faɗa mini abin da ya kamata in tambaya tun ranar da yake tufkar igiya. Ba don suna Baba yake riga kowa kai dami ba. Wanda ya fara shiga rumbu shi ne a ƙasa, na ƙasa kuwa shi ne na ƙarshen fita. Duk rani ana ɗibar na sama, a ciyar da gidan fasto, a taimaki mara lafiya da wanda abinci ya yanke masa. Kafin a iso ƙasa ruwa ya sauka. Abin da ya rage a lokacin shi ne zaɓaɓɓen geron Baba, a zangarniyarsa, cikin toka da ganyen darbejiya, irin ƙasarmu mai nuna da wuri. Duk wanda shukarsa ta mutu sai ya zo da ƙwarya, kuma ba a tambayarsa salla yake yi ko sujada. Baffa ya ce shi kansa ya karɓa sau biyu, Fulanin rugar gabas sun karɓa, limamin unguwarsu ma ya taɓa zuwa. Duk wannan ya wuce ni, don tun da na tafi makarantar kwana ban ƙara zama a ƙauye a farkon damina ba. Da lokacin karatu ne, daga baya ya zama lokacin aiki. Da kaka nake zuwa, in ga dami yana shiga, ban taɓa ganin fitarsa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, nawa kuma ba ni kaɗai ya ɗaure ba.

Na ce, "To Baffa, shekara biyun da Baba ba ya nan, wa ya zuba na ƙasan?"

'Ya'yansa ne suke noma mana gonar Baba tun bayan rasuwarsa. Ya ce, "Gonarsa ce, kabarsa tana rataye a zaure. Na san gindin da zai ɗaura wa."

Dattijo Musulmi mai furfura, yana zagaya gonar yayansa yana fitar masa da zakkar coci, ya ɗora wa jaki ya aika ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Wannan mutumin ne na ce wa harkar coci ce. Na yi kuka a gindin aduwar nan, ba na jin kunyar faɗa. Bai rarrashe ni ba, ya bar ni na yi na gama, sannan ya ce irin yana nan a gonarsa, bai bar shi ya ɓata ba.

Bana na sa aka shuka gonar Baba da irin. Da gero ya fara nuna na roƙi izini a makaranta, na rataya kaba a kafaɗa, ina da shekara hamsin da ɗoriya, na shiga gona da ƙarfina. Kai tsaye na nufi kusurwar da Fulani suka kwantar da shanu da rani, inda zangarniya ta kai tsawon hannu. Na ɗaura wa gindi ya fi talatin, ina ta jin daɗin kaina. Baffa ya iso da sandarsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kwancewa.

"Malama, wannan ba geron ne ya yi ƙoƙari ba, kashin shanu ne. Kai shi gonar talaka ki gani."

Ya ja ni can tudu inda yashi ya fi yawa, ya nuna mini wani gindi da ko kallo bai ishe ni ba. Gajere ne, amma kansa a cike tsam har baki, kuma ya riga na kusa da shi nuna. Ya ce, "Wanda ya cika a nan zai cika ko'ina. Yayana a nan yake daɗewa." Kwana huɗu muka yi, gwiwoyina har yau ba su yafe mini ba. Da aka girbe, mun samu dami huɗu.

Na zari zangarniya uku na hau motar Maigatari. Na tarar da Gwaggo Laraba a wata rumfa cikin mata masu tsince wa 'yan kasuwa riɗi, ta miƙe ƙafa, faifai a cinya. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba, na roƙi gafara. Ta karɓi zangarniyar ta murza da babban yatsa, daidai yadda Baba yake yi.

"Na Ishaya ne," ta ce.

Na ce ta dawo gida, zan yanka mata gefen gonar Baba ta noma iyakar ranta. Ta girgiza kai, ta nuna mini ƙafafunta da suka kumbura.

"Na yafe miki, Rahila, tun ba yau ba. Amma ni da fartanya mun yi sallama. Ki mayar da shi ƙasan rumbu."

Na ce, "Gwaggo, ai babu rumbu."

Ta miƙo mini zangarniyar. "To me kika zo yi nan?"

Lahadi mai zuwa dattawa za su zauna bayan sujada. Akwai masu son a gina shago a filin rumbun a ba da haya, kuma hujjojinsu masu kyau ne, na san su, irin nawa ne na wancan lokacin. Na nemi a ba ni dama in yi magana. Ba zan ce a daina kawo kuɗi ba. Zan ce duk mai gona a cikinmu ya kawo ko dami ɗaya ne, zaɓaɓɓe, a zangarniyarsa, a ajiye shi ba na ci ba, ba na sayarwa ba, sai ruwa ya sauka. Fasto ya riga ya ce yana tare da ni, don abin da ya sami Gwaggo Laraba ya tsaya masa a rai, ko da yake ba laifinsa ba ne. Zan fara da faɗin abin da na yi, a ƙarƙashin rufin da aka yi mini tafi dominsa. In sun yarda, madalla. In sun ƙi, ba zan yi fushi ba kuma ba zan fasa ba. Zan kafa shi a bakin gonar Baba, gefen hanya, inda mai ƙwarya ba sai ya nemi izinin kowa ba. Baffa ya riga ya sa an yanko gamba ana saƙa zana. Kuma daga bana, in Allah ya bar ni da rai, farkon damina a ƙauye zai riƙa samuna.

Ku kuma 'yan'uwana 'yan boko da kuke komawa gida da shawarwari, Kirista ne ku ko Musulmi, ban ce ku bar gyara ba. Amma kafin ku ɗauke abin da kuka tarar, ku zauna ku ga shekara ta zagayo a kansa. Ku tambayi tsohon da ke zaune a gindin bishiya, ko da ba ɗakin ibadarku ɗaya ba.

Me ya rage na Malam Ishaya bayan shekara goma sha biyu? Hotonsa ɗaya ne tak, na katin zaɓe, ya ɓata rai a ciki. Sunansa ba ya bangon coci, nawa ne a wurin, kuma zan roƙi a shafe shi da farar ƙasa. Bai bar wa'azin da wani zai maimaita ba. Abin da ya bari gero ne gajere mai cika a yashi, yana gonar ƙaninsa, yana gonakin mutanen da ba su taɓa taka cocinmu ba, wasu ma ba su san daga hannun wa ya fito ba. Ya bar ƙanin da ya san gindin da zai ɗaura wa kaba. Gonar Gwaggo Laraba kuwa ta tafi, babu rumbun da zan gina ya dawo da ita, kuma da wannan zan zauna har in bi Baba.

Makon jiya na zagaya bayan coci na ture ciyawa da ƙafa. Duwatsun gindin rumbun suna nan inda Baba ya dasa su, guda tara, ko ɗaya bai gusa ba. Dami huɗun suna jingine a zauren Baffa suna jira. Ranar Asabar zan je da fartanya in share duwatsun, don dattawa su gan su kafin su zauna.